Saiwa da Ƙwaya a Kan Sikeli Ɗaya: Gwajin Maganin Gargajiyar Sin ga Hawan Jini

A shekarar 2022, ɗaya daga cikin mujallun Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka gudanar a asibitoci da dama na ƙasar Sin. An tara mutum 628 masu ƙaramin hawan jini, 'yan shekara 18 zuwa 65, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka sha losartan, ƙwayar da likitoci ke rubutawa a ko'ina cikin duniya. Ɗaya rabin suka sha wani maganin gargajiya na Sinawa mai suna Songling Xuemaikang, wanda ake haɗawa da ganyen wani itace mai siraran ganye kamar allura, da saiwar wani tsiro mai yaɗo da suke kira gegen, da garin ɓawon lu'ulu'u. Majiyyaci bai san wanne yake sha ba, likitan da ke auna shi ma bai sani ba. Bayan mako takwas aka buɗe lissafi, sai aka tarar lambar ƙasa ta awon jini ta sauka da kusan maki 8 a kowane ɓangare. Bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan labari yakan raba jama'a biyu tun kafin a gama karanta shi. Masu ƙaunar gargajiya su ce ai dama sun faɗa, ga shi boko ya miƙa wuya. Masu raina ta kuwa su ce Sinawa ne suka gwada hajarsu da kansu, me kake jira su ce? Dukansu sun yi gaggawa. Ra'ayina shi ne wannan gwaji aiki ne na ƙwarai da ya cancanci a yaba masa, kuma abin da ya samar wa maganin shi ne izinin shiga jarrabawa ta gaba, wadda ta fi tsawo da wahala. Bai kai ga bai wa kowa hujjar ajiye ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai ba. Dalilin hakan yana cikin yanayin ita cutar kanta.

Cutar da ba ta sallama

Awon jini lambobi biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin matsin jini a jijiya lokacin da zuciya ta harba, ta ƙasa kuma matsin da ya rage lokacin da ta saki. Asalin lissafin da milimitar da zaiba ke hawa cikin bututun awo ake yi, amma a nan mu kira shi maki. A ƙasar Sin da Turai, ƙaramin hawan jini shi ne lambar sama daga 140 zuwa 159, ko ta ƙasa daga 90 zuwa 99. Amurka ta sauko da kan iyakarta zuwa 130 da 80 tun shekarar 2017.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A ƙasar Sin kaɗai, binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2012 da 2015 ya gano kusan kashi 23 cikin ɗari na manya, wato mutum wajen miliyan 245, kuma waɗanda jininsu ya sauka inda ake so ba su wuce kashi 15 ba. Shanyewar ɓarin jiki na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe Sinawa. Duk ƙasar da ke ɗauke da irin wannan kaya tana da hakkin ta duba kowane kwando a rumbunta, har da na kakanni.

Sai dai mai ƙaramin hawan jini galibi ba ya jin komai. Yana zuwa gona ko ofis, yana cin abincinsa, yayin da matsin ke gurɓata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya sannu a hankali, shekara goma, shekara ashirin. Wannan shiru nasa shi ne ke rushe babbar hujjar da ake kafawa da ita, wato cewa an daɗe ana amfani da maganin, da ba ya aiki da an watsar. Hujjar tana da ƙarfi a kan cutar da ake ji a jika. Mai zazzaɓi ya san lokacin da jikinsa ya yi sanyi, mai maƙoshin ciki ya san lokacin da ya samu sauƙi. Mai hawan jini kuwa ba shi da abin da zai gane aikin magani da shi, kuma mai ba shi maganin a ƙarni na goma ba shi da shi.

Hasali ma tsofaffin littattafan likitancin Sin ba su da cuta mai wannan suna. Na'urar ɗaure dantse da muka sani likitan Italiya Riva-Rocci ne ya fito da ita a 1896, sannan Korotkoff na Rasha ya gano yadda ake sauraron lambobin biyu a 1905. Abin da masanan Sin na dā suka sani shi ne jiri da ciwon kai da jan fuska da saurin fushi, suka fassara su da mazubinsu, misali hauhawar zafin hanta zuwa kai. Shahararren haɗin nan da ake kira Tianma Gouteng Yin, wanda ake yawan bai wa masu hawan jini a yau, wani likita mai suna Hu Guangci ne ya tsara shi a shekarun 1950. Saboda haka amfani da waɗannan saiwoyi don sauke lambar awo sabon abu ne, tsaran ƙwayoyin asibiti ne, kuma babu dalilin da zai sa a yafe masa jarrabawar da aka yi musu.

Yadda awo ke yaudarar mai awo

A ce mun tara mutum ɗari da aka auna yau aka samu 150, muka ba su ruwan randa zalla na wata biyu, muka sake auna su. Lambar da yawa daga cikinsu za ta sauka. Dalili na farko shi ne jini yana hawa da sauka daga rana zuwa rana, kuma mun zaɓo su ne a ranar da nasu ya hau, don haka awo na gaba zai karkata zuwa matsakaicinsu. Na biyu, akwai mutanen da ganin likita kawai ke ɗaga musu jini, idan suka saba da wurin sai ya kwanta. Na uku, wanda ya san ana bibiyarsa yakan rage gishiri, ya ƙara tafiya a ƙasa, ko da ba a ce ya yi ba. A hawan jini mai tsanani waɗannan abubuwa ƙanana ne kusa da girman matsalar. A ƙarami kuwa, inda tazarar da ke tsakanin mai cuta da mai lafiya maki goma ce kacal, suna iya sa ruwan randa ya yi kama da magani.

Don toshe wannan ɓaraka aka ƙirƙiro dabarun gwaji na zamani. Ƙuri'a tana hana likita tura masu ƙarfin jiki ɓangaren da yake so ya yi nasara. Ɓoye wa kowa abin da ake sha yana hana zuciya ta rinjayi ido. Ƙwayar holoƙo, wadda take kama da magani amma babu komai cikinta, tana nuna nawa ne jini zai sauka ko ba a yi masa komai ba.

An daɗe binciken maganin gargajiyar Sin yana tuntuɓe a wannan mataki. A 1998, Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwajen da aka wallafa daga ƙasashe daban-daban, suka tarar kusan kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka fito daga Sin sun ce maganin da aka gwada ya yi aiki, alhali na Ingila kashi 75 ne. Babu gonar da kowane iri da aka shuka cikinta yake tsirowa. Abin da irin wannan adadi ke nunawa shi ne gwajin da bai yi daɗi ba ana binne shi a aljihun tebur. A 2009 kuma wasu masana na ƙasar Sin, ƙarƙashin Wu Taixiang, suka tuntuɓi marubutan rahotanni fiye da dubu biyu da suka ce sun yi ƙuri'a, suka tambaye su yadda suka yi ta. Waɗanda suka yi ta bisa ƙa'ida ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin lura a nan shi ne 'yan gida ne suka tona wannan rauni. A 2012, masu bitar Cochrane suka nemi gwaji ko da guda ɗaya da ya kwatanta Tianma Gouteng Yin da ƙwayar holoƙo bisa sharuɗɗansu, ba su samu ba.

Idan aka ɗora gwajin 2022 a kan wannan tarihi, za a ga tazarar da aka ci. Haka ma wani gwaji da likitocin Shanghai suka wallafa a 2020, inda suka ɗauki mutum 251 masu ɓoyayyen hawan jini, wato waɗanda awonsu ke yin daidai a asibiti amma yana hawa a harkokin yau da kullum. Suka ba rabi garin Tianma Gouteng, rabi holoƙo, na mako huɗu, suna auna su da na'urar da ake rataya wa mutum wuni guda tana awo da kanta. Lambar sama ta masu shan maganin ta sauka da kusan maki 5 da rabi, ta masu holoƙo da kusan 3. Aikin maganin na haƙiƙa ke nan maki 2 da rabi. Kaɗan ne, amma gaskiya ne, kuma an same shi ta hanyar da ta fi wuyar yaudara.

Abin da mako takwas ke iya faɗa

Mu koma ga Songling Xuemaikang. Tambayar da aka yi wa gwajin ita ce ko maganin zai gaza losartan da fiye da maki 2 da rabi a lambar ƙasa, kuma amsa ta fito cewa bai gaza ba. Tambaya ce mai ma'ana, amma tana da makanta guda: babu rukunin holoƙo. Maki 8 ɗin da aka gani a kowane ɓangare ya haɗa aikin magani da saukar da za ta faru da kanta, kuma gwajin ba shi da wuƙar da zai raba su. Gwajin Shanghai ya nuna mana cewa holoƙo kaɗai ya cinye fiye da rabin saukar da aka gani a can. Idan dawaki biyu suka iso tare, hakan na iya nufin dukansu masu gudu ne, yana kuma iya nufin filin ne ya yi gajarta har ba a gane na gaba ba.

Akwai kuma batun abokin karawa. An yi amfani da losartan milgiram 50 a rana, wanda shi ne mafarin abin da ake bai wa babba, ana iya ninka shi idan jini bai sauka ba, kuma yawancin masu hawan jini sukan ƙare da haɗa magani biyu. Yin kunnen doki da shi abin a yaba ne, sai dai ba da jarumin fagen aka kara ba.

Babban gibi shi ne lokaci. Wanda aka gano yana da hawan jini yana ɗan shekara arba'in zai iya shan magani shekara talatin ko fiye. Abin da yake saye da wannan haƙuri shi ne kada ɓarin jikinsa ya shanye, kada ƙodarsa ta tsaya. Lambar awo ɗan aike ce kawai, kuma tarihin magungunan asibiti ya nuna ɗan aiken yakan zo da rabin saƙo. A gwajin LIFE da aka wallafa a 2002, mutum 9,193 masu hawan jini da kaurin tsokar zuciya suka sha losartan ko atenolol na shekaru fiye da huɗu. Jinin ɓangarorin biyu ya sauka kusan daidai, amma shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari a masu losartan. A gwajin ALLHAT na Amurka kuwa, a shekarar 2000 aka dakatar da rukunin da ke shan doxazosin, maganin da ke sauke jini ba shakka, domin gazawar zuciya ta kusa ninka biyu a cikinsu idan aka kwatanta da masu shan tsohuwar ƙwayar fitsari mai araha. Amanar da ake bai wa losartan a yau daga irin waɗannan dogayen gwaje-gwaje ta samo asali. Wanda ya yi kunnen doki da shi a mako takwas bai gaji wannan amana ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Mai kare maganin yana da amsoshi masu nauyi, kuma ya kamata a saurare shi. Ta farko ita ce saukar jini ita kanta alheri ce ko ta wace hanya ta zo. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, aka wallafa a mujallar Lancet a 2021, ya nuna duk saukar maki 5 a lambar sama tana rage haɗarin manyan cututtukan zuciya da jijiya da kusan kashi 10 cikin ɗari. Wannan gaskiya ne. Amma an ciro wannan ƙa'ida ne daga magungunan da aka riga aka san illolinsu, aka bi masu shan su shekaru. Ɗora ta a kan haɗin tsirrai mai sinadarai da yawa zato ne mai kyau, wanda ya isa a kashe kuɗi a kansa don a tabbatar.

Ta biyu ta fi kaifi: su kansu ƙwayoyin asibiti hujjarsu a ƙaramin hawan jini ba ta kai yadda ake zato ba. Bitar Cochrane ta 2012 ta tattara gwaje-gwaje huɗu masu mutum 8,912 da ba su taɓa ciwon zuciya ba, kuma ba ta ga tabbatacciyar raguwar mutuwa cikin shekara huɗu zuwa biyar ba, yayin da kusan kashi 9 cikin ɗari suka daina shan magani saboda illolinsa. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya, da suka haɗa da masu ƙarin haɗari kamar ciwon suga, sun ga amfani. Shi ya sa likitoci da yawa kan fara da rage gishiri da ƙiba da motsa jiki ga wanda haɗarinsa bai yi yawa ba. Wannan hujja tana tuna mana cewa kada mu ɗora wa saiwa sharaɗin da ba mu ɗora wa ƙwaya ba. Tana kuma yanka ta ɗaya gefen: idan ribar ƙarama ce, to illa ƙarama ma tana iya cinye ta, kuma wajibi ne a san illar kowane abu da za a sha.

Ta uku ita ce likitancin Sin yana duba mutum ne ɗungurungum, ya taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, ya haɗa wa kowa nasa, don haka gwajin da ke bai wa kowa abu ɗaya bai yi masa adalci ba. Amsar ita ce ƙuri'a ba ta damu da abin da ke cikin ƙoƙo ba. Ana iya barin masani ya haɗa wa kowa nasa, sannan ƙuri'a ta yanke wa za a ba haɗin na gaske, wa za a ba mai kama da shi. Ballantana Songling Xuemaikang kafso ne da masana'anta ke bugawa iri ɗaya, ana sayar wa kowa. Abin da aka sayar kamar ƙwaya, a gwada shi kamar ƙwaya.

Ganye ma yana da kaifi

Mutum 314 ne suka sha maganin a gwajin 2022. Idan akwai illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu, mafi rinjayen zato shi ne ba za a ga ko ɗaya a cikinsu ba, balle illar da ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana. Amma idan mutum miliyan goma suka rungumi maganin, ɗaya cikin dubu mutum dubu goma ke nan.

Wannan tsoro yana da tarihi. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata fiye da ɗari da suka sha wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da tsirran Sin suka kamu da mummunan ciwon ƙoda. Da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya aka same su da sankarar hanyoyin fitsari. Bincike ya nuna an musanya wani tsiro da wani mai kusan suna ɗaya da shi a harshen Sinanci, wanda ke ɗauke da guba mai lalata ƙoda. Ga mai hawan jini kuma akwai haɗari na musamman. Gancao, saiwar nan mai zaƙi da ke shiga haɗe-haɗen Sinawa masu ɗimbin yawa, tana sa jiki ya riƙe gishiri ya zubar da sinadarin fotasiyam, don haka tana ɗaga jini idan aka daɗe ana sha. Mahuang ma yana ɗaga jini da bugun zuciya, har Amurka ta haramta sa shi cikin kayan ƙarin kuzari a 2004. Sannan ga algus: wani bincike a Taiwan da aka wallafa a 1997 ya duba samfuri 2,609 na magungunan gargajiya, ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu an cusa musu magungunan asibiti ba tare da an rubuta a jiki ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zargin Songling Xuemaikang da wani laifi. Abin da suke nunawa shi ne fitowar abu daga ƙasa ba ta wanke shi, kuma sakamakon gwajin magani guda na wannan maganin ne shi kaɗai, daga wannan masana'anta, a wannan ma'auni.

Hanyar da aka riga aka bi

Masu cewa tsiro ba zai iya tsallake babbar jarrabawa ba sun manta cewa ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko saiwa ce. Masu maganin Indiya sun daɗe suna amfani da saiwar Rauwolfia. A 1949 likitan Bombay Rustom Jal Vakil ya wallafa abin da ya gani na tasirinta a kan hawan jini, a 1952 aka tace sinadarin reserpine daga cikinta a Suwizalan. Gwajin asibitocin tsofaffin sojojin Amurka na 1967, wanda ya fara tabbatar da cewa sauke jini na ceton rai, da reserpine a cikin haɗin da aka yi amfani da shi. A cikin maza 143 masu hawan jini mai tsanani, 27 daga masu holoƙo suka gamu da mummunar matsala, biyu kacal daga masu shan magani. Bin diddigin da aka ci gaba da yi ne kuma ya fito da illolinsa, irin su kasala da toshewar hanci, har sababbin magunguna suka sha gabansa.

Haka labarin Tu Youyou, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015. Tawagarta ta tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da dubu biyu tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayanin da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na huɗu ne ya ankarar da ita cewa tafasawa na iya kashe ƙarfin ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade, sai ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba a 1971. Maganin da ya fito daga nan shi ne ginshiƙin wanda ake bai wa yaranmu a yau idan zazzaɓi ya kama su. Littafin ya nuna ƙofa, gwaji ne ya tantance guda daga cikin dubu biyu.

Kuma ƙasar Sin ta nuna tana iya yin dogon gwaji idan ta so. A 2021 aka wallafa sakamakon wani aiki a ƙauyuka 600 na arewacin ƙasar, inda mutum 20,995 suka ci gishirin da aka saba ko wanda aka maye gurbin rubu'insa da gishirin fotasiyam, aka bi su kusan shekara biyar. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa da kashi 12. A ɓangaren gargajiya ma an fara: a 2023 mujallar JAMA ta wallafa gwajin Tongxinluo a kan mutum fiye da 3,700 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, a 2024 kuma Nature Medicine ta wallafa na Qiliqiangxin a kan fiye da 3,100 masu gazawar zuciya. Dukansu an kara da holoƙo, an ƙirga mutuwa da kwanciya asibiti ko sake kamuwa, kuma sakamakon ya karkata ga maganin. Masana na ci gaba da muhawara a kansu, suna son a maimaita a wasu ƙasashe, kuma haka ilimi ya gada. Irin wannan ne ake bin maganin hawan jini bashi: dubban mutane, shekaru da dama, a ƙirga waɗanda suka shanye da waɗanda suka tsira.

Abin da ke tafiya a bauɗe shi ne sassaucin da ya biyo bayan dokar maganin gargajiya ta ƙasar, wadda ta fara aiki a Yulin 2017, inda aka yarda a yi rajistar wasu tsofaffin haɗe-haɗe da aka lissafa ba tare da gwaji a kan majiyyata ba. An yi shi da niyyar girmama gado. A ganina girmamawar da ta fi ita ce wadda aka yi wa qinghao.

Idan kafson ya iso kasuwarmu

Kayan ganye da shayi masu rubutun Sinanci sun daɗe da shiga kasuwanninmu, kuma wata rana mai talla zai ɗaga wayarsa ya ce maka an gwada maganin Sin an ga daidai yake da na asibiti. Ka tambaye shi wane magani, domin ɗaya aka gwada. Ka kuma tuna cewa a jikin Sinawa aka yi gwajin, kuma an san dangin losartan, idan aka sha su su kaɗai, ba su cika sauke jinin baƙar fata kamar na sauran jama'a ba. Gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna a cikin mutum 728 cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jini. Idan ƙwayar asibiti ma sai da aka sake auna ta a jikinmu, saiwar wata nahiya ta fi buƙatar haka. Lambar NAFDAC da ke jikin galibin magungunan gargajiya kuma shaida ce ta an duba ba su da cutarwa ta kusa, ba ta nufin an tabbatar suna warkarwa.

Sikelin nan bai ware namu ba. Zoɓo ya samu ƙaramin gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010: mutum 65, kofi uku a rana, mako shida, lambar sama ta sauka da maki 7 a masu zoɓo, da ɗaya da ɗoriya a masu abin sha na holoƙo. Matsayinsa ɗaya da na kafson Sin, alama ce mai kyau da ke jiran babban gwaji.

Wanda yake son gwada wani ganye a kan ƙaramin hawan jini ya gaya wa likitansa sunan abin da yake sha, domin wasu tsirrai na karo da ƙwayoyi a cikin jiki. Ya mallaki na'urar awo ko ya riƙa zuwa inda ake awo, ya rubuta lambobinsa safe da yamma, kada ya dogara da cewa yana jin garau. Kuma kada ya ajiye maganin da aka ɗora shi a kai sai da shawarar wanda ya ɗora shi. Likitocin Sin da suka kai gadon kakanninsu gaban ƙuri'a sun yarda a ce musu sun faɗi idan sun faɗi, kuma da wannan ne suka cancanci a ji maganarsu. Saura su tsawaita filin daga mako takwas zuwa shekara biyar.